Wai mata kuɗi suke bi, maza kuma kyau?

Duk wanda ya ratsa lungunan Rafindadi ko Ƙofar Sauri bayan sallar Isha'i ya san abin da zai tarar: babur a jingine a ƙofar gida, saurayi ya sha wanki da guga yana baza ƙamshin turare, an aiki yaro ya shiga ya ce ana sallama da wance. Za a ɗan ja masa aji kafin ta fito, a shimfiɗa tabarma a zaure, a yi hirar da ba ta wuce sa'a guda ba, sannan ya ba ƙannenta ɗan abin alawa ya tafi. Washegari idan ka zauna a majalisar samarin nan sai ka ji suna kukan cewa matan yanzu ba so a ransu, aljihu kawai suke dubawa, kuma mai babur dole ya kauce da zarar mai mota ya yi fakin. Idan kuma ka saurari abin da mata ke faɗa a gidan biki ko na suna, za ka ji zargin ya juya: namiji ba ɗan goyo ba ne, idonsa yake bi, yana son fara doguwa mai gashi, kuma da ta haihu sau biyu zai fara waige-waige.

Na daɗe ina jin waɗannan zarge-zarge biyu, kuma shekarun da na yi ana wakilta ni binciken aure a cikin dangi sun sa na daina ɗaukarsu a matsayin raha. Ra'ayina shi ne akwai ƙamshin gaskiya a kowannensu, amma hukuncin da ake yankewa daga nan ya karkace. Bambancin abin da ke jan hankalin namiji da na mace yana nan, sai dai bai kai girman da muke ba shi ba, kuma mafi yawan abin da muke gani a Katsina a yau mu muka hura shi da hannunmu ta hanyar tsarin neman auren da muka gina.

Zargin bai taso daga iska ba. A shekarar 1989 wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, David Buss, ya wallafa sakamakon binciken da ya tattara daga mutum fiye da 10,000 a al'ummomi 37 na ƙasashe 33, kuma har da Nijeriya a ciki. An tambayi mutane abin da suke nema a wurin wanda za su aura. A kusan ko'ina maza sun fi mata ba kyawun sura muhimmanci, mata kuma sun fi maza ba ƙarfin samun abin rufin asiri muhimmanci. Maza sun fi son wadda suka girma, mata sun fi son wanda ya girme su. A jimlace tazarar da ake so ba ta wuce kimanin shekara uku ba, amma mazan Nijeriya da aka tambaya sun nemi tazarar da ta haura shekara shida. A 2020 wasu masanan sun maimaita irin wannan tambaya ga mutum fiye da 14,000 a ƙasashe 45, kuma abin da suka samu bai yi nisa da na farko ba. Saboda haka saurayin majalisa da matar gidan biki duk sun hango wani abu na haƙiƙa.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a cikin binciken nan guda, kuɗi da kyau ba su ne suka zo a sahun gaba ba. Maza da mata duka sun fifita kirki da fahimta da hankali da son juna a kan dukiya da sura. Wato inda jinsunan biyu suka saɓa a tsakiyar jerin yake, amma a saman jerin bakinsu ɗaya. Wannan shi ne abin da nake ganin ya kamata mu riƙe, kuma shi ne abin da tsarin zancenmu ya fi sakaci da shi.

Masana sun rabu kan dalilin bambancin. Wasu sun jingina shi ga halitta, suna bin bayanin da Robert Trivers ya yi a 1972 cewa jinsin da ya fi ɗaukar nauyin haihuwa da reno shi ya fi tsantseni wajen zaɓe. Mace ke ɗaukar ciki wata tara, ita ke shayarwa kusan shekara biyu, don haka kuskuren zaɓe ya fi yi mata tsada. Wasu kuma, irin su Alice Eagly da Wendy Wood, sun sake duba alƙaluman Buss a 1999 suka nuna cewa a ƙasashen da mata suka fi samun ilimi da abin hannunsu, damuwarsu da arzikin miji tana raguwa. Binciken 2020 bai ƙarfafa wannan bayani sosai ba, in ban da a batun tazarar shekaru, wadda ta kan ragu inda mata suka fi tsayuwa da ƙafafunsu. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a ce sai ɗaya daga cikin biyun ba. Halitta ta aza tushe, al'ada kuma ita ke yanke tsawon ginin.

A duba abin da yarinyar Katsina take sakawa a cikin aure. Za ta bar gidan ubanta ta koma inda mijin ya ajiye ta. Cinta da shanta da suturarta da maganinta da wurin kwananta duk sun rataya a wuyansa, kuma shari'a ce ta ɗora masa hakan, ba son ranta ba. Sau da yawa karatunta ko sana'arta sai da izininsa za su ci gaba. Idan auren ya mutu, ita za ta kwaso kaya ta dawo ɗakin uwarta, wataƙila da goyo a baya da wani a hannu, ta shiga zawarcin da jama'a ke yi wa kallon raini, shi kuwa yana iya ɗaura wani auren kafin ta gama idda. Wadda rayuwarta duka za ta dogara ga hannun mutum guda, idan ta tambayi abin da hannun yake kamawa, lissafi take yi, kuma da a ce ɗan kasuwa ne ya yi irin wannan lissafi kafin ya zuba jarinsa da mun yaba masa da hangen nesa.

Addini ma bai kira wannan kwaɗayi ba. Lokacin da Fatima bint Ƙais ta je neman shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata cewa Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗarsa, sannan ya nuna mata Usama bin Zaid. A cikin amsa guda an auna aljihun ɗaya, an auna halin ɗaya, kuma ba a ce mata ta yi laifi da ta tsaya tunani ba.

Ba ina wanke kowa ba ne. Akwai yarinyar da ke tara samari biyar, wannan na sayen kati, wancan na kuɗin kitso, wani na waya, alhali ta san ba ko ɗaya da za ta aura. Wannan cin amana ne, kuma iyayen da ke ganin kaya na shigowa gida ba su tambayi daga ina ba sun fi ta laifi. Amma tsakanin wadda ke tatsar saurayi da wadda ke tsoron yunwa a gidan miji akwai tazara mai nisa, kuma majalisar samari ta saba haɗa su a kwando guda.

A ɓangaren maza, son kyau shi ma ba aibi ba ne. An umarci Mugira bin Shu'uba ya je ya ga wadda zai aura domin hakan ya fi sa zaman ya ɗore. Hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace ya lissafa kyau a cikin abubuwa huɗu da ake auren mace dominsu, tare da dukiya da nasaba da addini, sannan ya yi horo da a zaɓi ma'abociyar addini. Inda muka ɓata shi ne mun ƙuntata ma'anar kyau har ta koma hasken fata kawai. Sakamakon yana nan a shagunan kayan shafa na babbar kasuwa: mayuka da sabulai da haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu saboda sinadaran da ke sirantar da fata, wasu ma har su taɓa ƙoda. Saurayin da ke zagin mai bilicin a majalisa shi ne kuma zai wuce baƙa kyakkyawa ya yi sallama da wadda ta shafa. Yarinyar ba mahaukaciya ba ce, ta ga inda kasuwa ta karkata ne.

Akwai kuma wani binciken da ya fi ba ni sha'awa fiye da na Buss, domin shi bai tsaya ga abin da mutane ke faɗa da baki ba. A 2008 Paul Eastwick da Eli Finkel na Jami'ar Northwestern a Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai. Da farko sun tambaye su abin da suke so, aka samu amsar da aka saba: maza suka ɗaga kyau, mata suka ɗaga samun kuɗi. Daga nan aka haɗa su suna hirar minti huɗu-huɗu fuska da fuska, aka ci gaba da bibiyar wanda ya shiga ran wane. Da aka zo nan sai bambancin ya kusan ɓacewa. Kyawun sura ya ja matan kamar yadda ya ja mazan, alamar samun abin hannu ma ta yi tasiri ga ɓangarorin biyu kusan daidai. Al'adar ɗaliban Amurka ba tamu ba ce, kuma ba ina kiran a kwaikwayi irin wannan haɗuwa ba. Darasin da na ɗauka shi ne abin da mutum ke cewa yana so sau da yawa abin da aka koya masa ya faɗa ne, zuciyarsa kuwa tana da nata hukuncin idan ta ga mutum a gabanta.

Mace ma tana da ido, kuma wannan ita ce gaskiyar da al'adarmu ta fi ƙin furtawa. Mun yarda saurayi ya ce wance ba ta yi masa ba, ba wanda zai nemi ya kawo hujja. Amma idan budurwa ta ce wane bai kwanta mata ba, sai a taso mata da tambayoyi: ba ya salla ne, ko shaye-shaye yake yi, ko ba shi da sana'a? Idan ta kasa kawo aibi sai a ce yarinta ce, za ta saba, so yana zuwa bayan aure. Wani lokaci yana zuwa ɗin, ban musa ba, domin iyayenmu da yawa a haka suka zauna lafiya har tsufa. Wani lokaci kuma ba ya zuwa, sai yaji da biko su zama sana'ar dangi, a ƙare a gaban alƙali.

Matar Sabit bin Ƙais ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ba ta zargin mijinta a addini ko a hali, amma ba za ta iya zama da shi ba. Ba a ce mata ta je ta yi haƙuri za ta saba ba. An tambaye ta ko za ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ta amsa, aka raba su, kuma daga nan malamai suka samo hukuncin khul'i. Khansa'u bint Khizam, wadda ubanta ya aurar ba da sonta ba, ita ma ta kai ƙara aka warware auren. Duk malamin zaure ya san waɗannan ƙissoshi, amma da wuya ka ji an kawo su a ranar da ake matsa wa yarinya ta karɓi wanda ba ta so.

Na taɓa faɗawa cikin wannan kuskure da kaina. An nemi auren wata 'yar ƙanwata, yaron mai sana'a ne, ɗan gidan mutunci, aka ce in tambaye ta. Na kira ta a tsakar gida, uwarta na gefe tana tankaɗe, na ce mata ga abin da ake ciki. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, duk abin da kuka yanke daidai ne." Na koma na shaida wa iyaye maza cewa ta amince. Sai bayan an karɓi kuɗin gaisuwa goggonta ta same ni ta ce, "Malam, yarinyar nan kwana uku ke nan ba ta ci abincin kirki ba, ko muryarsa ba ta son ji." Da ƙyar aka warware maganar, aka mayar da abin da aka karɓa, kuma har yau akwai ɗan sanyi tsakaninmu da gidan yaron. Shari'a ta ce shirun budurwa izini ne saboda kunyarta, amma shirun da aka yi a gaban kawu da uwa, bayan an riga an nuna inda manya suka karkata, yana buƙatar a sake auna shi. Ni na ji abin da nake son ji ne.

Kamar yadda muka hana mace ido, haka muka hana namiji zuciya. Mun ɗauka so a wurinsa sha'awa ce da ke wucewa, kuma idan aka hana shi wannan gobe zai nemi waccan. Amma ƙissar so mafi taɓa rai a cikin hadisi ta namiji ce: Mugis yana bin tsohuwar matarsa Barira a titunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa, bayan ta sami 'yanci daga bauta ta zaɓi rabuwa da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa ceto a wurinta, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai, ta ce ba ta da buƙatarsa, aka bar ta a kan zaɓinta. Binciken zamani ma ya karkata ga nan. Wani nazari da aka wallafa a 2011 ya nuna maza sun fi riga mata furta kalmar so, duk da cewa yawancin mutane na zaton akasin haka. A Amurka kuma Michael Rosenfeld na Jami'ar Stanford ya samu cewa kusan kashi 69 cikin ɗari na rabuwar aure mata ne ke fara nemanta. A wurinmu igiyar saki tana hannun miji, don haka ba za a ɗauko wannan adadi a ɗora mana ba, amma yana rushe zaton cewa mace ce kullum mai maƙalewa namiji kuma mai saurin saki.

Abin da na lura da shi a nan gida shi ne mace idan ta shiga damuwar soyayya tana da wurin kai kuka: uwa, yaya, ƙawa, maƙwabciya. Saurayin da ya shekara uku yana zance, ya yi toshin salla shida, sannan aka wayi gari an sa ranar budurwarsa da wani alhaji, ba shi da kowa. Abokansa dariya za su yi masa su ce son maso wani ƙoshin wahala, ubansa kuma ba a yin irin wannan magana da shi. Sai ya haɗiye, abin ya koma ɗaci, kuma daga wannan ɗacin ake samun mafi yawan maganganun da ake yaɓa wa mata a majalisa da shafukan Facebook. Wasu ma daga nan suke fara neman abin da zai gusar musu da tunani.

Wa ya ba alhajin yarinyar? A nan ne nake ganin laifin ya fi komawa kan tsarinmu. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, amma sadaki ya zama ƙaramin abu a cikin hidimar aure. Akwai kayan na-gani-ina-so, da kuɗin gaisuwar iyaye, da sa rana, da lefen da ake ƙirga akwatunansa a gaban mata ana ɗaga atamfa da leshi ɗaya bayan ɗaya, ga kuɗin hayar gida, ga shagulgulan da aka ƙaro a baya-bayan nan. Uban yarinya shi ma yana nasa nishin da kayan ɗaki da gara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya ninka, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma samari da yawa ko wannan ba sa samu. Saurayin da ya gama Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko kwalejin Hassan Usman yana ɗan shekara 25 zai iya kai wa 32 bai haɗa lefe ba. Ita kuwa sa'arsa, da ta kai 20 an fara yi mata gorin zama a gida, 'yan uwa na tambayar uwarta ko lafiya. Mun ce wa namiji ya jira sai ya tara, mun ce wa mace kada ta kuskura ta jira. Dole wanda ya riga ya tara, wato wanda ya girme ta da shekara goma sha biyar kuma wataƙila yana da uwargida, shi zai ɗauke ta. Daga nan sai mu dubi sakamakon abin da muka shirya mu ce ai mata kuɗi suke bi. Sau da yawa ma ba ita ta zaɓa ba. Uwa ce ta tambayi me yake yi, ɗan gidan wa ne, ina zai ajiye ta, kuma uba ne ya gaji da ganin babur a ƙofar gida ba a turo magabata ba.

Idan aka ɗauke wa mace tsoron rashi, me take zaɓa? Tarihin baka na Daura ya ba da amsa guda. Sarauniya Daurama tana da gari da sarauta, ba ta buƙatar kowa ya ciyar da ita, kuma wanda ta yarda ta aura baƙo ne da ya sauka cikin dare a gidan tsohuwa Ayana yana neman ruwa, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗiba sai ranar Juma'a. Aikin da ya yi aka gani, ba garken shanunsa ba. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce da manyan Ƙuraishawa suka nema ta ƙi, sannan ita da kanta ta aika wa wanda ya yi mata fatauci zuwa Sham saboda amanar da ta gani, ga shi kuma ta girme shi. 'Yar dattijon Madyana ma da ta yaba Annabi Musa a gaban mahaifinta, ƙarfi da amana ta ambata. Sai dai in faɗi gaskiya, abin bai miƙe sarai ba, domin ina ganin malamai mata da ma'aikatan jinya masu albashinsu da har yanzu ba sa son auren wanda bai kai su samu ba. Wani ɓangare na wannan tsoron gori ne da tsoron mijin da zai zauna ya jira albashinta, wani ɓangaren kuma mai yiwuwa shi ne tushen halittar da aka ambata, wanda ilimi da albashi ba sa tumɓuke shi gaba ɗaya.

Mai musu zai ce Allah ya halicci namiji daban da mace, don haka duk wannan dogon bayani wahalar banza ce. Na yarda da farkon maganar. Amma bambancin da ake samu tsakanin taron maza da taron mata ba ya gaya maka halin mutum guda da ke zaune a zaurenka. Maza sun fi mata tsawo a jimlace, duk da haka a kowace unguwa akwai macen da ta fi maza da yawa tsawo. A 2005 Janet Hyde ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 kan halayyar maza da mata, ta samu cewa kusan kashi 78 cikin ɗari na bambance-bambancen da aka auna ƙanana ne ko kuma kusan babu su. Wanda ya shiga aure da imanin cewa duk mata kuɗi suke so zai yi cefane ya cika gida, ya hana matarsa hira da sakin fuska, sannan ya yi mamakin abin da take nema kuma. Wadda ta shiga da imanin cewa duk maza jiki suke bi za ta ƙarar da kuɗinta a kayan mata da mayuka, ta manta cewa mutumin yana son a girmama shi, a saurare shi idan kasuwa ta juya masa baya. Alƙur'ani da ya ambaci manufar aure a Suratur Rum natsuwa da ƙauna da jinƙai ya lissafa, kuma bai ware wa jinsi ɗaya su ba.

Matsalar zance irin namu ita ce ba ya gwada abin da ɓangarorin biyu suka ce sun fi so. Sa'a guda a zaure, shi ya aro turare ita ta sha kwalliya, kowa na tauna maganarsa kafin ya furta, ba abin da za a iya gani sai fuskarta da aljihunsa. Hirar waya ta tsakar dare ba ta ƙara komai ba sai daɗin baki. Hausawa sun ce namiji barkono ne sai an tauna ake sanin yajinsa, kuma haka mace take, amma ba a tauna a zaure. Abin da kakanninmu suka tanada don toshe wannan giɓi shi ne bincike, mu kuwa mun mayar da shi al'adar cika sharaɗi. A kan je unguwar yaro a tambayi limamin masallaci da mai unguwa, su ce ba su san shi da wani mugun hali ba, a dawo a ce an bincika. Liman yana ganinsa ne minti biyar a sahu. Ba ya sanin yadda yake idan ransa ya ɓaci, ko yadda yake yi wa uwarsa magana, ko yana biyan bashi ba sai an yi rigima ba. A ɓangaren yarinya ma an fi tambayar asalin gidansu da ko tana yawo, ba a tambayar yadda take da ƙannenta da 'yar aikin gidansu, ko yadda take idan babu.

Da za a saurare ni, da an rage lefe zuwa abin da saurayi mai shekara 25 zai iya haɗawa a shekara guda, kuma masarautun Katsina da Daura da malamanmu suna da bakin da za su sa hakan ya zama abin alfahari maimakon abin kunya. Da an bar tambayar yarinya a hannun goggo ko yayar da take sakin jiki da ita, a keɓe, fiye da sau ɗaya, kuma idan ta ce bai kwanta mata ba a karɓi wannan a matsayin cikakkiyar hujja kamar yadda ake karɓa daga ɗan'uwanta namiji. Da kuma iyaye maza sun riƙa zama da 'ya'yansu samari idan neman aure ya wargaje, ko da ba za su ce komai ba sai sannu.

A mako mai zuwa an sake wakilta ni binciken wani yaro a wajen Ƙofar Marusa da ke neman 'yar wana. An riga an gaya mini yana da shago da fili, an kuma gaya masa ita fara ce mai karatu. Na yanke cewa zan fara da mai kantin da yake karɓar kaya bashi a wurinsa, daga nan in nemi wanda ya taɓa yi masa yaron shago ya bari, sannan in sa matata ta san yadda za ta yi ta zauna da ƙannensa mata. Yarinyar kuma goggonta za ta tambaye ta, ba ni ba.